Mamografin 2D ko Tomosintesis: Wanne Za a Saya, Wanne Za a Yi wa Mace?

Idan aka matse nono tsakanin farantai biyu don ɗaukar hoto, kaurinsa yakan tsaya tsakanin santimita 4 zuwa 6 a yawancin mata. Duk abin da ke cikin wannan kauri, da kitse da jijiyoyi da hanyoyin ruwan nono da ƙari idan akwai shi, mamografin dijital na yau da kullum, wato hoton eksire da ake yi wa nono don neman kansa, yana tattara inuwarsu ne ya zuba a falle guda. Shi ake kira 2D. Daga wannan tattarawa matsaloli biyu ke fitowa. Ƙaramin ƙari yakan ɓuya a bayan lafiyayyen nama, tunda dukansu fari suke fitowa a hoto. Sannan lafiyayyen nama biyu da ba su ma kusa da juna, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sukan hau kan juna a hoton su yi kama da ƙari, a tayar wa mace da hankali a banza.

Tomosintesis, wanda 'yan kasuwa ke tallatawa da sunan 3D, wannan matsalar ta tattara inuwa kaɗai aka ƙirƙire shi ya magance. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai sha wahalar gane inda na'urar ke da amfani da inda ba ta ƙara komai ba.

Yadda kowanne ke ɗaukar hoto

A duka biyun mace tana tsaye, ana ɗora nono a kan faifan karɓar hoto, farantin roba ya sauko ya matse shi. Hotuna huɗu ne ƙa'ida: kowane nono ana ɗaukarsa daga sama zuwa ƙasa, wato CC, sannan a karkace daga gefe har da hammata, wato MLO. A 2D bututun eksire yana tsaye wuri ɗaya, ya saki haske sau ɗaya da ƙarfin da bai cika wuce kilobolt 25 zuwa 32 ba, an gama.

A tomosintesis bututun yana tafiya ne a baka, yana sakin haske kaɗan-kaɗan daga kusurwoyi daban-daban. A kwatanta da mutum uku da suka tsaya a layi da daddare, wani ya haska su da tocila, inuwarsu ta haɗu a bango ta zama ɗaya. Da mai tocilar ya gusa dama ko hagu sai inuwoyin su rabu, ta wanda ya fi nisa da bango ta fi gudu. Da wannan bambancin gudu kwamfuta ke lissafa zurfin kowane abu, ta fitar da yanka-yanka masu tazarar milimita 1. Nono mai kaurin santimita 5 yakan ba da yanka kusan 50 a kowane hoto, wato sama da 200 ke nan ga mace ɗaya.

Kamfanoni sun rabu a kan faɗin bakan. Hologic, wanda na'urarsa Selenia Dimensions ce ta fara samun amincewar hukumar FDA, mai kula da magunguna da na'urorin asibiti a Amurka, a Fabrairun 2011, yana amfani da digiri 15 da haske 15 cikin ƙasa da daƙiƙa 4. GE yana yin digiri 25 da haske 9, bututun yana tsayawa cak kafin kowane haske. Siemens ya zaɓi digiri 50 da haske 25, kuma tsofaffin samfuransa kan ɗauki kusan daƙiƙa 25, ko da yake sababbin sun rage wannan lokaci sosai. Fujifilm ya ba da zaɓi biyu a na'ura ɗaya, digiri 15 ko 40. Baka mai faɗi ya fi raba nama da nama, don haka ƙari da karkacewar nama sun fi fita. Baka matsattse ya fi sauri, mace ba ta samun lokacin motsi, kuma ƙananan ɗigon kalsiyam, waɗanda wani lokaci alamar kansa ce, sun fi kaifi. Babu wanda ya cinye duka biyun.

Kada milimita 1 ɗin nan ya ruɗi mai saye. Tazarar yankan ke nan, ba ainihin kaifin zurfi ba. Na'urar CT tana zagaya jiki gaba ɗaya, wannan kuwa ɗan yanki na da'ira take bi, shi ya sa babban abu mai haske, kamar ƙarfen da aka bari bayan tiyata ko dunƙulen kalsiyam, yakan bar sawunsa a yanka da yawa sama da ƙasa, kamar an ja zare.

Abin da bincike ya nuna

Shi kansa 2D na dijital ba tsoho ba ne. Na'urar farko, Senographe 2000D ta GE, a shekarar 2000 ta sami amincewa, kuma binciken DMIST na 2005 da ya shafi mata kusan 49,500 shi ya nuna ta fi fim a wajen mata 'yan ƙasa da shekara 50 da masu cunkoson nama. Wannan ne ma'aunin da ake gwada tomosintesis da shi.

A Italiya, binciken STORM na 2013 a garuruwan Trento da Verona ya duba mata 7,292. Da 2D kaɗai an gano kansa 5.3 a duk mata 1,000, da aka haɗa da tomosintesis ya kai 8.1. A Oslo a wannan shekarar, 6.1 ya zama 8.0. A Amurka an tattara hotunan gwaji sama da 454,000 daga cibiyoyi 13 aka buga a 2014: kansar da ta fara kutsawa cikin nama ta tashi daga 2.9 zuwa 4.1, yawan matan da ake sake kira don ƙarin bincike kuma ya sauka daga 107 zuwa 91 a cikin 1,000. Mafi nauyi a cikinsu shi ne TOSYMA na Jamus, wanda aka raba mata kusan 100,000 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka buga a 2022, ya sami kansa mai kutsawa cikin nama 7.1 a duk mata 1,000 a gidan tomosintesis, 4.8 a gidan 2D.

Masu talla a nan suke tsayawa. Amma a Bergen ta Norway an yi irin wannan rabon ƙuri'a a binciken To-Be, aka buga a 2019, aka sami 6.6 da 6.1, bambancin da bai kai a dogara da shi ba. Batun rage sake kira ma ya danganta da inda aka fara. A Amurka, inda likita ɗaya ke karanta hoto kuma ana sake kiran kusan mace 1 cikin 10, akwai abin ragewa. A Turai, inda likita biyu ke karanta kowane hoto kuma kiran bai da yawa tun farko, wani lokaci ƙaruwa ma yake yi. A Malmö ta Suwidin ya tashi daga kashi 2.5 zuwa 3.6 cikin ɗari, duk da cewa gano kansar ma ya ƙaru.

Akwai kuma tambayar da ta fi waɗannan duka. Gano ƙarin kansa daban, hana mutuwa daban. Da yawa daga cikin abin da tomosintesis ke ƙarowa ƙananan ƙari ne masu tafiyar hawainiya, waɗanda ƙila 2D zai kama su a zagaye na gaba ba tare da wata asara ba. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne kansar da ke ɓullowa tsakanin gwaji da gwaji, wadda mace ke ji da hannunta bayan an ce mata hotonta lafiya. A Malmö wannan ya ragu, a wasu wuraren bai motsa ba. Saboda haka ne aka fara babban gwajin TMIST a 2017, da kuɗin cibiyar kansa ta gwamnatin Amurka, don a ga ko tomosintesis yana rage kansar da ta yi nisa. Ra'ayinmu a kan hujjar da ke hannu shi ne: ya fi 2D gani, wannan ya tabbata, girman ribar ga rayuwar mace kuwa ya fi ƙanƙanta da yadda takardun talla ke nunawa.

Wace mace ce ta fi amfana

Tsarin BI-RADS, wanda likitoci ke bi wajen rubuta sakamakon hoton nono, ya kasa nono gida huɗu bisa cunkoson nama: a, kusan duk kitse, b, nama a warwatse, c, cunkoso mai gauraye da kitse, d, cunkoso sosai. Kusan rabin matan da ake yi wa gwaji suna gidan c ko d, kuma ba a gane wannan da taɓawa ko da girman nono, sai a hoto. Tun 10 ga Satumban 2024 doka ta wajabta wa cibiyoyin Amurka su sanar da kowace mace ko nononta mai cunkoso ne.

A gidan a, 2D ya wadatar. Kitse baƙi yake fitowa, ƙari fari, babu wurin ɓuya. Riba mafi girma tana gidan c, da kuma b zuwa wani mataki, inda akwai nama mai rufe ƙari amma akwai isasshen kitse da zai zana gefensa idan an yanka. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne gidan d. Hankali zai ce nan ne aka fi buƙatarsa, amma idan babu kitse ko kaɗan tsakanin ƙari da naman da ke kewaye da shi, ko an yanka fari ne a cikin fari. Mace mai irin wannan nono, musamman idan akwai kansar mama a danginta na kusa, sikanin ko MRI ne ke ƙara mata wani abu. Gwajin DENSE na ƙasar Holan a 2019 ya nuna ƙara MRI ga irin waɗannan mata ya rage kansar tsakanin gwaji daga 5.0 zuwa 2.5 a cikin 1,000.

Ta fuskar irin cutar kuma, tomosintesis ya fi ƙarfi a kan ƙari mai ƙayoyi a gefe, da karkacewar nama, wato inda layukan nama suka tattaru wuri guda kamar bakin jakar da aka zuge, ba tare da ƙari a tsakiya ba. Kansar da ke tasowa daga ƙwayoyin samar da ruwan nono, wadda ke yaɗuwa a jere ba ta dunƙulewa, sau da yawa ta haka take bayyana. Yana kuma warware rigimar abin da ke kan fata: idan tabo ko ɗigo ya fito a yankan farko ko na ƙarshe, a fata yake. Wannan yana da amfani a wurinmu, inda ake samun mata da tabon sakiya ko na ƙaho a ƙirji.

A kan ɗigon kalsiyam kuwa bai fi 2D ba. Waɗannan ɗigo, masu girman milimita 0.1 zuwa 0.5, likita yana hukunta su ne da siffarsu da yadda suka taru. Idan aka yanka, gungu ɗaya yakan rabu a yanka goma, biyu nan uku can, ido ya kasa haɗa su. Wasu na'urorin ma suna haɗe ɗigogin faifan karɓar hoto biyu-biyu lokacin tomosintesis don sauri, kaifin ya ragu. Har yau idan an ga kalsiyam mai shakku, hoton 2D mai ƙara girma, da ƙaramin bakin haske na milimita 0.1, shi ake komawa a yi.

Radiyeshan

Hoton 2D ɗaya na matsakaicin nono yana ba naman nono radiyeshan kimanin miligire 1 zuwa 2. Dokar Amurka ta sa iyaka a miligire 3 ga kowane hoto a kan gunkin gwaji, wato abin da aka ƙera ya kwaikwayi nono, mai kaurin santimita 4.2. Gwajin gaba ɗaya, hotuna huɗu, ya yi daidai da kusan milisibat 0.4, abin da jiki ke sha daga ƙasa da iska da sararin sama cikin mako bakwai ko makamancin haka. Tomosintesis ɗaya daidai yake da 2D ɗaya ko sama da shi kaɗan. Matsalar ita ce da farko ana yin duka biyun ne a matsa ɗaya, adadin ya kusan ninkawa.

Maganin da aka samo shi ne 2D na haɗi: kwamfuta ta tattara yankan ta ƙera hoto mai falle ɗaya, ba tare da ƙarin haske ba. Hologic ya sami amincewar nasa, C-View, a 2013, sauran kamfanoni suka biyo da nasu, kuma da irin wannan haɗi aka yi TOSYMA da To-Be. Yana da halinsa. Yakan ƙara wa wasu ɗigo haske har su yi kama da kalsiyam alhali mahaɗar jijiyoyi ce ko hayaniyar hoto, kuma nono yakan fito kamar bai kai ainihin cunkosonsa ba. Ƙa'idar ita ce ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai. Duk abin da aka gani a cikinsa sai an nemo shi a yankan. Wanda zai sayi tomosintesis ya tabbata lasisin wannan manhaja yana cikin farashin, don sau da yawa daban ake sayar da shi.

Kayan da ke biyo bayan na'urar

Nan ne cibiyoyi suka fi yin kuskuren lissafi. Hoton 2D ɗaya daga faifai mai ɗigo 3,328 sau 4,096 yana cin kusan megabait 27, mace ɗaya ɗari da 'yan kai. Tomosintesis na mace ɗaya yakan ci ɗaruruwan megabait, ya iya haura gigabait 1. Ma'ajiyar hotunan asibiti dole ta iya karɓar tsarin DICOM, wato tsarin ajiye hotunan asibiti, na tomosintesis; tsofaffi da yawa ba sa iyawa, sai hoton ya maƙale a kwamfutar kamfani, ba a iya tura shi ko'ina. Allon karatu na musamman ne, mai megafiksil 5 aƙalla, a ɗaki mai duhu, kuma dole ya iya zame yanka bayan yanka ba tare da tsaiko ba.

Lokacin karatu kusan ninkawa yake yi. A Amurka ba a barin likita ya fara karanta tomosintesis sai ya yi horon awa 8 a kansa, haka ma mai ɗaukar hoton da masanin fiziks na asibiti. Yanka masu kauri, milimita 6 ko 10, da wasu kamfanoni ke haɗawa suna rage yawan abin dubawa, amma ba sa mayar da lokacin yadda yake a 2D. Cibiyar da likitan hoto ke leƙowa sau biyu a mako ta yi wannan lissafi tun kafin ta sa hannu.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare: a buga hoto a fim ko takarda a miƙa wa mace ta kai wa likitanta, ko a ɗauki allon da waya a tura ta WhatsApp. Da 2D ma wannan yana kashe kalsiyam. Da tomosintesis ba ya yiwuwa sam, ba wanda zai buga yanka 200. Idan likitan da zai yanke shawara ba zai ga yankan a allon da ya dace ba, kuɗin da mace ta ƙara ya tafi a iska.

Sai allura. Tomosintesis zai nuna karkacewar nama da sikanin ba ya gani, 2D ma ba ya gani. Wani kaso mai yawa na irin wannan tabo ne na cikin nama marar illa, amma ba a rabe shi da kansa sai an ɗebo tsoka an duba. Ɗebowar kuma sai da na'urar saita allura da ke aiki da tomosintesis ɗin kansa, yawanci da allura mai zuƙa. Cibiyar da ta sayi na'urar ba ta sayi wannan ba za ta riƙa gano abin da ba ta da hanyar tabbatarwa, ta bar mace tsakanin fargaba da tiyatar da ƙila ba ta buƙata. Tsugunne ba ta ƙare ba ke nan.

Zafi, ƙura da wuta

Faifan karɓar hoto shi ne mafi tsada a cikin na'urar, kuma iri biyu ne. Hologic da Siemens da Fujifilm suna amfani da siliniyam, wanda ke mayar da eksire lantarki kai tsaye. Girman ɗigonsa maikiron 70 a Hologic, 85 a yawancin na Siemens. GE yana amfani da sinadarin siziyam ayodaid, wanda ke mayar da eksire haske tukuna, ɗigonsa maikiron 100. Siliniyam yana da kaifi, amma ba ya jure zafi. Idan ya daɗe a wuri mai zafi yakan fara sauya tsari daga gefe, layuka da tabo su bayyana a hoto, kuma ba ya gyaruwa sai sauyi. Sanyi mai tsanani da saurin sauyin yanayi su ma suna ɓamɓare shi. Kamfanoni sukan nemi ɗaki ya zauna tsakanin digiri 20 da 30 lokacin aiki.

A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, inda watan Afrilu ke haura digiri 40, ma'anar wannan ita ce na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, dare da rana, har ranakun da babu aiki. Ɗakin da ake kashe wa janareta ƙarfe 4 na yamma a rufe shi har Litinin yana dafa faifan ne a hankali. A yi na'urar sanyi biyu masu karɓa-karɓa, a haɗa su da wutar da ba ta yankewa, a rataye ma'aunin zafi mai ajiye tarihi. Ƙurar hunturu tana toshe matatun iskar da ke sanyaya faifan, don haka a riƙa duba su fiye da yadda littafin na'ura ya ce. Wutar da ke hawa da sauka tana ƙona allunan lantarki. UPS mai daidaita wuta, wanda ya isa girman na'urar, da kyakkyawar wayar ƙasa, ba abin ado ba ne. Duk wannan ya shafi 2D da tomosintesis baki ɗaya, sai dai tomosintesis yana da ƙarin abin lalacewa: injin da ke juya bututu, saitin kusurwa da dole a riƙa gwadawa, da bututun da ke ɗaukar zafi fiye da na 2D.

Gargaɗi ɗaya a kan abin da ake sayarwa da sunan dijital alhali CR ne, wato tsohuwar na'urar fim da aka sa wa kaset ana karantawa a wani akwati. A lardin Ontario na Kanada an buga bincike a 2013: CR ya gano kansa 3.4 a cikin 1,000, fim 4.8, dijital na gaske 4.9. Lardin ya sauya na'urorinsa na CR bayan haka. Araha ba ta ado. Tazarar da ke tsakanin CR da 2D na gaske ta yi kusa da wadda ke tsakanin 2D da tomosintesis.

Inda hoto ke lalacewa tun kafin likita ya gani

Yawancin hotunan da ba su da amfani, saitin jiki ne ya kashe su. A MLO dole tsokar ƙirji ta sauko har daidai kan nono, a ga lanƙwasar ƙasan nono a buɗe, kan nonon yana gefe. A CC, nisan da ke tsakanin kan nono da ƙarshen hoto kada ya gaza na MLO da fiye da santimita 1. Abin da bai shiga faifai ba, babu fasahar da za ta nuna shi. Matsawar na'ura takan tsaya tsakanin niyuton 110 da 200, kuma tomosintesis bai kawar da ita ba, duk da abin da wasu ke faɗa wa mata. Motsi ma ya fi yi masa illa: a 2D dishi-dishin yana bayyana, a yanka kuwa yakan ɓoye, kalsiyam ya narke ba a sani ba. Mai ɗaukar hoto ta gaya wa mace tun farko cewa kan na'urar zai wuce ta gefen fuskarta, ta kuma tabbata mayafi da haɓa da ɗaya kafaɗar sun kauce wa hanyar baka, don abin da ke waje a kusurwa ta tsakiya yakan shigo a kusurwar ƙarshe.

Mace ta zo ba hoda, ba turaren hammata, ba man shafawa mai ƙyalli a ƙirji, domin wasunsu na ɗauke da ƙwayoyin ƙarfe da ke fitowa kamar kalsiyam. Mako na farko bayan al'ada ya fi sauƙin zafi. Mai shayarwa ta shayar ko ta tatse dab da shiga. Ta zo da tsohon hotonta idan tana da shi. Kuma a wurinmu cibiyar da ba ta da mace mai ɗaukar hoto ta riga ta rasa da yawa daga cikin masu zuwa, komai kyan na'urarta.

To wanne za a zaɓa

Duk binciken da aka ambata a sama a kan mata masu lafiya ne, waɗanda ake gayyata gwaji ba tare da sun ji komai ba, a ƙasashen da ke da tsarin gayyata duk shekara ɗaya ko biyu. Kwamitin kula da rigakafi na Amurka, alal misali, tun 2024 yake ba da shawarar gwaji duk shekara biyu daga shekara 40 zuwa 74. Halin Najeriya da maƙwabtanta daban ne. Ƙididdigar kansa ta duniya, GLOBOCAN, ta 2022 ta sa sababbin masu kansar mama a Najeriya sama da 32,000 a shekara, kuma a Afirka kudu da Sahara kusan kashi uku cikin huɗu na mata baƙaƙe ana gano tasu ne a mataki na uku ko na huɗu. Mace tana zuwa da ƙari a hannu, sau da yawa tana cikin shekarunta na arba'in. Shi ya sa shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa burinsa a kan abu uku: a gano kashi 60 cikin ɗari a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, kashi 80 su gama magani.

Ƙari mai santimita 4 ba ya buƙatar yanka 50 kafin a gan shi. Abin da mai shi ke buƙata shi ne duban likita, hoto, sikanin, da allurar ɗebo tsoka mai lamba 14, sannan sakamakon ɗakin gwaji ya fito da wuri. 'Yar ƙasa da shekara 30, da mai ciki, da sikanin ake fara musu. Tomosintesis yana da rawarsa a nan ma: yana fitar da gefen ƙari sarai, yana nuna ko akwai na biyu a nonon ko a ɗaya nonon, yana kuma rage buƙatar ƙarin hotunan matsa wuri ɗaya. Amma taimako ne a kan aikin da 2D da sikanin ke iya yi.

Don haka babban asibitin jiha ko cibiya mai zaman kanta da kuɗinta ke da iyaka ta sayi 2D na gaske, mai faifai babba na santimita 24 da 29 ko 30, a kan gangar jikin da za a iya buɗe wa tomosintesis daga baya da lasisi. Ragowar kuɗin ya tafi ga sikanin mai kan bincike na megahaz 12 zuwa sama, alluran ɗebo tsoka, allon karatu, sanyi da wuta, da kwangilar gyara. Asibitin koyarwa ko cibiyar kansa mai likitocin hoto na dindindin, da ɗakin gwajin tsoka, da mata masu zuwa gwajin shekara-shekara, ita tomosintesis ya dace da ita, tare da 2D na haɗi da na'urar saita allura a ciniki ɗaya.

Ga mace kuma: idan duka biyun suna nan kuma tana da halin biya, ta zaɓi tomosintesis idan gwajinta na farko ne, ko tana tsakanin 40 da 50, ko an taɓa ce mata tana gidan c, ko an sha sake kiranta a baya. Idan 2D kaɗai ke garinsu, ta yi shi, kada ta jira tafiya Abuja. Idan sakamako ya ce BI-RADS 0, ma'anarsa ana son ƙarin hoto ne, yawancin masu wannan lamba ba a samun komai. Idan kuwa tana jin ƙari da hannunta, hoto mai cewa lafiya, ko na wace na'ura ne, bai rufe magana ba sai an yi sikanin, an kuma sa allura idan likita ya ga dalili.

Kafin biyan kuɗin ƙarshe, musamman a na'urar da aka yi amfani da ita a waje, a nemi shekarar da aka ƙera faifan da taswirar matattun ɗigonsa, a tabbata lasisin manhaja an mayar da shi sunan asibitin, a ga a rubuce cikin kwana nawa injiniya zai iso da kuma ko faifai da bututu suna cikin garanti. A Najeriya sai da izinin hukumar NNRA, mai kula da harkokin nukiliya da radiyeshan, ake shigo da na'urar eksire da aiki da ita. Masanin fiziks wanda ba ma'aikacin mai sayarwa ba ya auna adadin radiyeshan a kauri daban-daban, ya gwada ƙarfin matsawa, ya ɗauki gunkin gwaji a 2D da kuma a tomosintesis. A tsohon gunkin ACR, ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka, mafi ƙarancin abin da za a gani shi ne zare 4, gungun ɗigo 3 da dunƙule 3. Wannan gunki yana zama a ɗakin, mai ɗaukar hoto tana ɗaukarsa duk mako tana rubuta sakamakon a littafi ɗaya da ma'aunin zafin ɗakin.